Kwalekwalen da Ya Fi Dacewa da Mai Tumbi a Abhur

Duk wanda ya shiga shagunan kayan ruwa a Jidda da niyyar sayen kwalekwalen kayak zai tarar da iri uku a jere, kuma kowane mai shago zai rantse masa cewa nasa ne sarkin Bahar Maliya. Ni da na tashi a Kano, inda babban ruwan da na sani shi ne na dam ɗin Tiga, kuma daga gaɓa, na ɗauki lamarin da muhimmanci, na buɗe littafi na shiga kwatanta su.

Na farko shi ne wanda ake hura wa iska da famfo, a naɗe shi a jefa a but ɗin mota. Na soke shi nan take, domin iskar arewa da ke yawan kaɗawa a wannan teku tana wasa da abu marar nauyi, kuma duwatsun murjani ba su san darajar roba ba. Na biyu gajere ne mai faɗi, kimanin mita 3, wanda ake zama a samansa, amma da na leƙa sai na ga huji a ƙasansa. Mai shagon ya yi bayani cewa da gangan aka yi su don ruwan da ya fantsamo ya zurare, ni kuwa na ce ban bar iyalina na zo ƙasar nan don in biya riyal in sayi jirgi mai huji ba. Na ukun ne ya sace zuciyata: siriri, tsawonsa ya kai mita 5, ana zura ƙafafu a cikinsa, yana da abin juya akala a baya da ake takawa da ƙafa, kuma irinsa ne ke tsaga igiyar ruwa ya yi tafiya mai nisa a miƙe. Asalinsa ma daga mutanen ƙanƙara ne, Inuwit, masu yin nasu da fatar dabbobin teku.

Kafin in biya, ɗan 'yar'uwata ya kai ni Abhur, a arewacin gari, wurin wani dattijo mai ba da haya, Batakari wanda kakanninsa suka taho aikin hajji a ƙafa suka ƙetaro teku ta Sawakin, a gaɓar Sudan. Dattijon ya dubi kwalekwalen, ya dubi tumbina, ya ce, "Alhaji, wannan na masu ƙugun zanzaro ne, ka ɗauki mai faɗin." Na ce, "Baba, na yi bincike." Ya ce, "To, Allah ya sa binciken ya iya iyo," ya ɗaure mini rigar ceto.

Shiga kawai ta ɗauki lokaci, domin sai da mutum biyu suka danna ni ciki kamar ana cusa kaya a buhun da ya riga ya cika. Na fara tuƙi da filafilin nan mai baki biyu, kuma gaskiya kwalekwalen ya yi gudun da aka faɗa, har wani matashi ya wuce a kan babur ɗin ruwa, igiyarsa ta buge ni ta gefe. Masana sun ce kowace lita ta Bahar Maliya tana ɗauke da gishiri kusan giram 40, fiye da yawancin tekuna, kuma ina shaida wa jama'a cewa ba su ƙara ko ƙwaya ba. Na suɓuce daga ramin, na taso ina kalmar shahada da ƙarfi ina yafe wa masu riƙe da bashina, sai na ji muryar dattijon daga gaɓa: "Alhaji, miƙe tsaye mana!" Ruwan iyakarsa cibiya.

A ƙarshe mai zaman mutum biyu na saya, mai faɗi, da hujinsa da komai, saboda dattijon ya sanar da ni ƙa'idar cewa wanda ya fi nauyi shi ke zama a baya, na gaba kuwa ba shi da ido a ƙeya. Yanzu duk Juma'a da safe yaron yana gaba yana zuba gumi, ni ina baya da filafili a cinya, kuma idan ya ce, "Kawu, yau jirgin nan ya yi nauyi," sai in ce masa iskar arewa ce, ya ƙara himma.