Wa ya ce Thornton Dial bai yi makaranta ba?

Duk shekara da an buɗe baje kolin Outsider Art Fair a New York, wanda aka fara tun 1993, sai a sake rera mana tsohuwar waƙa: ga masu fasahar da "suka koya wa kansu", baiwa ce kawai ta faɗo musu daga sama. Thornton Dial, mai zane baƙar fata ɗan Amurka, na cikin waɗanda aka fi kafa misali da su. Ni kuwa raini nake ji a cikin wannan yabo.

An haifi Dial a 1928 a Emelle, jihar Alabama, kuma gaskiya ne bai yi nisa a boko ba. Amma ya shafe kusan shekara 30 a masana'antar Pullman Standard da ke Bessemer, inda ake ƙera taragon jirgin ƙasa, yana yanka ƙarfe yana walda har aka rufe ta a 1981. Wace jami'a ce za ta koya wa ɗalibi halin ƙarfe fiye da haka? Mutumin da zai ɗauko kwanon rufi mai tsatsa, da igiya, da tsohon kafet, da ƙashin saniya, da 'yar tsana, ya ɗaure su kan allo ya malala fenti, abin ya tsaya daram yana ba da labarin bauta da wariyar launin fata, ai ba lalube yake yi ba. Damisar da ya riƙa maimaitawa a ayyukansa ma da gangan ya zaɓe ta, alamar gwagwarmayar baƙar fata.

A shekarun 1950 mai zane ɗan Amurka Robert Rauschenberg ya haɗa bargo da matashin kai da fenti, aka kira shi jagoran fasahar zamani. Shi ya yi karatu a Black Mountain College. Dial ya yi makamancin haka aka ce "fasahar gargajiya", aka ware masa ɗaki daban.

Dillalai na cewa laƙabin ne ke jawo masu saye. To, ciniki suke karewa, ba aikin ba.

Sai a 2014 gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya karɓi kyautar ayyuka 57 daga gidauniyar Souls Grown Deep, ciki har da na Dial. Aka baje wasu daga cikinsu a 2018, shekara biyu bayan rasuwarsa. Abin da ya rage wa masu gidajen tarihi bai taka kara ya karya ba: su cire wannan laƙabi daga jikin bango, su rataye Dial kusa da Rauschenberg, su bar mai kallo da idonsa.