Maganin rituximab fa? Ko don ba shi da tsada ne ake kau da kai?

Tun da hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da sabon samfurin Ocrevus a Satumban 2024, wanda ake yi a ƙarƙashin fata cikin kamar minti goma, ake ta kawo mana teburin kwatance, wai wanne maganin antibodi ne ya fi wa mai ciwon MS (multiple sclerosis, ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka) irin mai tashi ya lafa. Ocrevus duk wata shida, Kesimpta allura a gida duk wata, Tysabri duk sati huɗu amma da fargabar PML, ciwon ƙwaƙwalwar nan da ya sa aka janye shi a 2005 kafin ya dawo a 2006. Rituximab kuwa sai dai a ƙasan shafi, in ma an sa shi.

Wallahi abin nan yana ba ni haushi. A MS garkuwar jiki ce ke gaigayar rufin jijiyoyi kamar yadda ɓera ke cin robar wayar lantarki, kuma Ocrevus da Kesimpta da rituximab duk wuri ɗaya suke kai hari, wato wata alama mai suna CD20 a kan ƙwayoyin B na garkuwar jiki. Tun 2008 gwaji ya nuna rituximab na aiki a MS, amma kamfanin Roche da ke da shi bai kai shi ga rajista ba, lokacin mallakarsa na dab da ƙarewa, sai ya fito da ƙaninsa Ocrevus a 2017 a kan dala 65,000 a shekara. Kasuwanci ne kawai, kowa ya gani.

Masu cewa "ai ba shi da lasisin MS" su fara tambayar wa ya ƙi neman lasisin.

A Suwidin likitoci sun daɗe suna ba da shi, kuma gwajinsu na 2022 ya nuna kashi 3 cikin ɗari ne ciwon ya tasar wa a kan rituximab, kashi 16 a kan ƙwayar dimethyl fumarate. A 2023 WHO ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna na MS, Ocrevus bai shiga ba. Eh, rituximab yana rage garkuwa, dole a duba ciwon hanta nau'in B kafin a fara, to amma haka Ocrevus ɗin ma.

Dan Allah ma'aikatun lafiya su saye shi a sari su sa a inshora, masu teburin nan kuma su ƙara layin farashi.