Katin Inshora da Dattijo Mai Fayil

Kun dai san Yaya, mijin Anti, ba sai na yi muku bayani ba. Tun da ya ji zan yi wa gidana inshorar lafiya ya ɗaura mini karatu: wai in karɓo takardun kamfanoni, in jera su, in kwatanta, in kira asibiti in tambaya. Ni kuwa wata yarinya ce ta kira ni a waya, magana tiryan-tiryan, ta ce tsari uku gare su, ƙarami da matsakaici da babba, kuma duk cikinsu "za a kula da kai da iyalinka". Na tambayi wanda ya fi sauƙin kuɗin wata, ta faɗa, na ce shi nake so. Ta turo fom na cika tsakanina da Allah, har da gurbin da aka ce mutum ya rubuta ciwon da ya taɓa fama da shi. Kati ya iso da hotona a jiki, na yi kyau ma. Na kai wa Yaya har gida na dire masa a kan tebur. Ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Ka karanta takardar sharuɗɗan?" Na ce na duba. Kuma na duba ɗin, na ga tana da tsawo.

To ranar da abin ya faru, Hajiya surukata na kai asibitinta awon jini. Ni kuma kwanakin nan tsohon ciwona ya motsa, wanda ba a faɗa a gaban mutane, har tuƙin ma a karkace nake yi. Da ta shiga wajen likita sai na ce bari in yi amfani da damar, in lallaɓa in ga wani likitan a ɓoye kafin ta fito. Ga kati a aljihu, me zai hana?

Teburin masu karɓar baƙi na asibitin gilashi ne ya raba ka da su, da wasu 'yan ƙananan huji da ake magana ta ciki. Wanda ya tsara wannan abu ban yafe masa ba. Idan ka yi raɗa ba a jin ka, ita kuma ma'aikaciyar ta saba da ɗaga murya, ko gaisuwa ta yi sai na ƙarshen layi ya amsa. Na zura kati ta ƙasa da yatsu biyu, na jingina da teburin kamar wanda ya saba.

Ta danna kwamfuta, ta dube ni, ta sake dannawa.

"Yallaɓai, wannan ƙaramin tsari ne. Ba ma cikin jerin asibitocinsa."

Na ce ai kamfanin naku ne, ga tambarinsu can manne a bango. Ta ce e, suna da yarjejeniya da kamfanin, amma ta masu babban tsari ce. Kowane tsari da jerin asibitocinsa, in ka je wanda ba ya ciki, kuma ba larurar gaggawa ba ce, daga aljihunka za ka biya. Sai ta tambaya, da wannan murya tata, "Gaggawa ce? Me ke damunka?"

Na sunkuya na kai baki jikin hujin na ce wata 'yar matsala ce ta ciki.

"Na'am?"

Na ce ta ciki.

"Bari in duba fayil ɗinka." Ta matsa kusa da allon, ta karanta a hankali, sannan ta ɗago da fara'ar wanda ya gano abin da yake nema. "Au, basir ɗin ne?"

Wallahi har wani yaro da ke kuka sai da ya yi shiru.

Ban juya ba. Na tsaya ina kallon wani hoto na yadda ake wanke hannu, ina karanta shi da natsuwa. Ita kuwa ba ta gama ba. Ta ce ko da suna cikin jerin, likitan tiyata ba a zuwa masa kai tsaye, sai likitan da aka yi mini rajista a wurinsa ya rubuto takardar turawa, sannan su nemi lambar amincewa daga kamfani kafin a taɓa ni. Ta ce kuma ga wani abu: tun da na rubuta a fom cewa ina da basir (ta sake faɗa, har da jan wasalin) kafin in shiga, to ciwo ne da na shigo da shi, akwai lokacin jira na wata 12 kafin su fara biya masa. Na ce to da ban rubuta ba fa? Ta ce da sun gano daga baya, suna iya ƙin biya gaba ɗaya, har su soke inshorar. Wato ko ta ina na bi, ni ne a ƙasa.

A nan ne dattijon ya shigo maganar.

Tun ɗazu ina jin numfashin wani a bayan wuyana, ashe shi ne. Gajere, tabarau a kan karan hanci an ɗaure shi da zare, ya rungume wani fayil mai kauri da ya sha 'yan takardu masu launi suna leƙowa ta gefe. Ban san shi ba, bai san ni ba, amma ya dafa kafaɗata kamar shi ya raine ni.

"Ɗana, ba ni katin in gani."

Kafin in ce uffan ya karɓa daga hannun ma'aikaciyar. Ita ma da yake ta san shi sai ta miƙa masa! Ya ɗaga shi sama wajen fitila, ya girgiza kai, ya juya ya fuskanci mutanen layi, ba ni ba.

"Kun gani ko? Kuɗin wata ya kalla." Ya lashi yatsa ya buɗe fayil. "Kuɗin wata in ya yi sauƙi, sai ka nemi inda suka ɓoye sauran. Irin wannan tsarin akwai kuɗin da za ka fara biya da kanka a cikin shekara, sai ka cika shi tukuna su sa hannu. Bayan sun sa hannun ma ba duka ba ne, su ɗauki kashi 80, kai ka ɗauki 20. Sannan akwai iyakar abin da za su kashe maka a shekara, in ka kai ta, sai wata shekarar. Ido da haƙori kuwa ka duba, da wuya in suna ciki. Magani ma akwai jerin waɗanda suka yarda da su, in likita ya rubuta mai tsada sai a ba ka ɗan'uwansa mai sauƙi, ko ka cika kuɗi. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa."

Wata mata a layi ta ce, "Gaskiya ne, Baba." Wani kuma ya ciro nasa katin yana dubawa a tsorace.

Ni abin da ya fi ƙona mini rai da mutumin nan, ba rashin lafiya ce ta kawo shi ba. Daga baya mai gadi ya gaya mini kusan kullum yana nan. Rasit ya zo karɓa, wai ya biya wani gwaji da kuɗinsa kuma kamfani sai ya ga rasit mai hatimi kafin ya mayar masa, shi ne ya mai da wurin ofishinsa. Yana da alƙalami ja da kore da shuɗi a aljihun gaba: ja na abin da ba sa biya, kore na abin da suke biya, shuɗi na abin da "za mu haɗu da su a kansa". Mutum ya yi ritaya, maimakon ya zauna ya yi wasa da jikoki, ya zo ya tsare layi yana karanta wa bayin Allah sirrinsu. Kuma takalminsa ƙara yake yi, ƙiiƙ-ƙiiƙ, duk taku. Har yanzu in na ji takalmi ya yi wannan ƙarar sai gabana ya faɗi. Na ce masa, "Baba, na gode, zan duba." Ya ce ai dubawar ce ta kawo ni nan, karantawa ake yi. Ya tambaye ni 'ya'yana nawa, babban shekararsa nawa, don wai da yawa in yaro ya kai 18 sai su cire shi sai dai in an kawo shaidar yana makaranta. Ya tambaya ko maiɗakina tana da juna biyu, don haihuwa ma tana da nata lokacin jiran. A gaban jama'a! Ni da ko mahaifina bai taɓa yi mini wannan tambayar ba.

Sai ya rage murya, irin ragewar da kowa ke ji, ya ce, "Shi kuma wancan ɗin, ka riƙa zama a ruwan ɗumi safe da yamma, ka yawaita shan ruwa, ka daina daɗewa a banɗaki da waya."

Na juya zan gudu, sai ga Hajiya tsaye da jakarta a hannu, takardar magani a ɗaya hannun. Ban san tun yaushe take wurin ba, kuma har gobe ba zan tambaya ba. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Ta ce, "Abban yara, in ka gama mu tafi." Dattijo ya gaishe ta, ta amsa, har ya ce mata, "Ɗanki ne? A riƙa sa masa ido." Ta ce in sha Allahu.

A mota ba wanda ya ce komai. Na miƙe zaune ɗas don kada a ga karkacewar, gumi yana keto mini. Mun kusa gida ta ce, tana kallon taga, wai in bi a hankali wajen ramukan nan, ba sauri muke ba. Ita da kullum take cewa ina tafiyar hawainiya.

Kafin dare Yaya ya kira. Bai yi dariya ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Ya jikin?" Na ce wane jiki? Ya ce a'a, shi dai gaisuwa ce. Ina jin Anti a bayansa tana tari irin na wanda ya danne abu.

Washegari na kira yarinyar nan mai tiryan-tiryan, aka ce ta bar aikin. Wani ya ɗauka, na ce ina so in koma babban tsari yau ɗin nan. Ya ce ba a canzawa a tsakiyar shekara sai lokacin sabuntawa, kuma ko na canza ba lallai jiran ya tashi ba, bari ya haɗa ni da sashen da ke kula da wannan. Aka sa mini kiɗa. Ina riƙe da waya har kuɗina suka ƙare.

Hajiya ta aiko da wani matashin kujera mai rami a tsakiya, ba saƙo, ba komai. Maiɗakina ta ce wai na mota ne. Dattijon kuma ban san wanda ya ba shi lambata ba, ina dai zargin mai gadin, jiya ma ya turo saƙon murya mai tsawo kan maganar haƙori. Ban buɗe ba tukuna.