Layar da na tsinta a but ɗin Camry

Kwana uku da sayen motar, wata Camry 2008 mai injin lita 2.4, na ɗaga safaya a but don in ga ko akwai jak, sai na ci karo da wani ƙunshi a baƙar leda, an naɗe shi da tsumma an ɗaure tamau. Na kwance. Ƙarfe ne da bai cika tafin hannu ba: faifai kamar murfin gwangwanin madara, a ƙarƙashinsa sifirin mai kauri ya zagaye wani ɗan bututun tagulla, can ƙasa kuma ga wani ƙaramin faifan. A gefen babban faifan akwai ɗan rami, da wani mitsitsin ƙarfe yana lilo a ciki, in ka girgiza sai ka ji ƙaras-ƙaras. An buga lamba 82 a jikinsa.

Uwargida ta juya shi ta ce matoshin wurin wanke-wanke ne. Maƙwabcina, wanda tun da muka zauna unguwa ɗaya a Jidda ban taɓa jin ya ce bai san abu ba, ya ce kan tukunyar gas ne. Kawu kuwa da na kai masa bayan la'asar, ko taɓawa bai yi ba.

"Ɗan nan, abin da aka naɗe da tsumma aka binne ƙarƙashin taya, har da lamba a jikinsa, shi kake tambaya? Kai shi Bahar Maliya ka jefa, kada ka waiwaya."

Na ce to, Kawu. Na cusa shi a aljihun ƙofa na manta da shi.

A watannin nan babu majalisar da ban yabi motar ba. Allurar zafi ba ta wuce kwata, da asuba ma kwance take kamar mai jinya. Ina ce wa mutane injina ko zafin Jidda bai san da zamansa ba. Abin da ban faɗa musu ba shi ne yadda take zuƙar fetur. Na bar fetur ɗan 91 na koma mai tsada ɗan 95 ko za ta ji kunya, ba ta ji ba.

Watan Janairu muka ɗauki yara zuwa Ɗa'if ta hanyar Hada, dutsen da tsayinsa ya kai wajen mita 2,000. A hawa, inda ake taka mota sosai, allurar ta tashi daga jinya ta haura har ta wuce rabi, abin da ban taɓa gani ba. Da dare muna gangarowa, ga hazo ga sanyi, sai ta koma ta kwanta ƙasa warwas. Na kunna hita, ta huro mana iska kamar an buɗe firji. Yara suna karkarwa a baya, gilashi ya yi gumi ina gogewa da hula, uwargida ta ce a hankali, "Da dai ka ji maganar Kawu."

Washegari na nufi sana'iyya, unguwar gareji, wurin wani bakanike Bahaushe, haifaffen Makka, wanda kowa ke kira Mu'allim. Ina cikin ba shi labari ya buɗe ƙofa zai ja bonet, sai idonsa ya faɗa kan ƙunshin. Ya ɗauka, ya dube ni.

"Alhaji, me balf ɗin motarka yake yi a ƙofa?"

Larabawa suna ce masa balf al-harara, a garejin Kano tamostat ake ce masa. Mazauninsa a wannan injin yana inda tiyon ƙasa na lagireto ya shiga jikin injin, cikin wani ɗan gida mai noti biyu. Ƙofa ce tsakanin ruwan injin da ruwan lagireto. Bututun tagullar nan cike yake da wani irin kaki. In injin na sanyi, kakin a daskare yake, sifirin ya danne ƙofar a rufe, ruwa sai ya riƙa kewaya cikin injin kaɗai har ya yi zafi da wuri. Da zafi ya kai wajen digiri 82, lambar da Kawu ya ɗauka ta hatimi ce, kakin ya fara narkewa yana kumbura, ya tunkuɗa wani sanda, ƙofar ta fara buɗewa. A digiri 95 ta buɗe gaba ɗaya, tazarar kamar milimita 10. Ba waya, ba kwamfuta, kaki ne da sifirin kawai suke ja-in-ja.

Na ce, "To Mu'allim, a ƙasar da zafi ke haura digiri 40, ai cire shi gata ne."

Ya ce wannan maganar ita ce ta cika but ɗin mutane da balf. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90, sanyin da nake taƙama da shi ciwo ne. Kwamfutar mota tana da na'urar jin zafin ruwa. Muddin ta ji sanyi, ƙara fetur take yi, kamar an bar cok a ja a tsohuwar mota. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke bangon silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai. Tururin ruwan da ke taruwa cikin baƙin man ma ba ya samun zafin da zai kore shi, a hankali ya zama dagwalo. Hita kuwa da ruwan zafin injin take aiki, in babu shi ba ta da abin hurawa.

Hawan Hada fa? Nan ya nuna mini ƙaramin faifan ƙasa. Akwai wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma injin ba tare da ya ratsa lagireto ba. In balf ya buɗe sosai, wannan faifan ne ke toshe ta, dole duk ruwan ya bi ta lagireto ya huce. In babu balf, gajeriyar hanyar a buɗe take har abada, wani ruwan zafin sai ya riƙa zamewa ta nan. Wato na haɗa asara biyu: sanyi inda ake son zafi, zafi inda ake son sanyi.

Ya ce kafin in sayi sabo in gwada tsohon a gida. A ɗaure shi da zare a rataye cikin tukunyar ruwa, kada ya taɓa gindinta, a sa ma'aunin zafi, a kunna wuta. Mai lafiya zai fara buɗe baki tsakanin 80 da 84, ya rufe ruf in ya huce. Na ɗauki tukunyar da ta fi kusa da hannu, ashe ta miyar baƙi ce. Ina tsaye da zare kamar mai kamun kifi, ruwa ya tafasa har ya fara ƙonewa, abin nan ko motsi. A rufe ya maƙale. Shi ya sa tsohon mai motar ya cire shi da ta riƙa zafi, sai dai ya manta rabi na biyu na aikin, wato sa sabo. A nan uwargida ta shigo ta tarar ina dafa layar Kawu, ruwan ya yi jan tsatsa yana warin gareji.

Sabon na ce ni zan ɗaura da kaina, don noti biyu bai kai a biya mutum ba. Aikin da injin mai sanyi ake yi, don murfin lagireto yana riƙe ruwa da matsi, wanda ya buɗe shi da zafi fatarsa za ta ba da labari. Na buɗe ɗan famfon ƙasan lagireto na tare ruwan a roba, na rufe shi nesa da magen unguwa, domin zaƙi gare shi kuma guba ne. Na kwance notin da sifana mai lamba 10, na goge bakin, na zagaya wa sabon balf sabuwar robarsa, na sa shi sifirin yana kallon cikin injin. Notin ba a yi musu ƙarfin tuwo, kaɗan-kaɗan ake ɗaure su bi da bi. Na zuba ruwan lagireto mai ruwan hoda wanda ya zo a haɗe, injin yana cin wajen lita shida. Ruwan famfo zalla shi ne ya haifar da tsatsar da ta kashe na farkon. Na rufe murfi, na tayar, na shiga titi ina murmushi.

Ban yi kilomita biyar ba allura ta fara rawa, ta hau ta sauka, bayan dashbod kuma ana ƙulu-ƙulu kamar cikin mai azumi.

Mu'allim bai ma ɗago daga ƙarƙashin motar da yake gyara ba. "Ɗan ƙarfen nan mai lilo, ina ka juya shi?"

Ƙasa na juya shi, don na ga ya fi kyau a can. Ashe ramin nan mafitar iska ce, dole ya kalli sama daidai ƙarfe goma sha biyu na agogo, don iskar da ta shiga lokacin zuba ruwa ta samu hanyar fita. In ta maƙale, famfon da ke juya ruwan injin iska yake kaɗawa, na'urar jin zafi kuma ta ruɗe. Muka jira injin ya huce, aka sake kwancewa, aka juya shi sama. Sannan ya bar murfin lagireto a buɗe, ya kai hita ƙarshen zafi, ya tayar da injin yana matsa tiyo, kumfa na fitowa yana ciko. Sai da tiyon ƙasa ya ɗau zafi, alamar balf ya buɗe, fanka ta tashi ta tsaya, sannan ya rufe. Ya ce gobe da safe in duba ƙaramin tankin roba in cika shi zuwa layin sama. Ya ƙara da cewa in mota ta yi zafi alhali balf lafiya lau, a duba fanka, murfi, famfon ruwa ko toshewar lagireto, a bar bawan Allah a gidansa.

Yanzu cikin 'yan mintuna allura take hawa kusa da tsakiya ta tsaya cak, ko a cunkoson Jidda ko a gangaren Hada, gidan mai kuma mun rage zumunci. Kuɗin sabuwar tukunya ya fi na balf ɗin. Na je na yi wa Kawu bayanin kaki da sifirin tiryan-tiryan, ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ina tsohon yake. Na ce na jefar a shara.

"To ka gani," in ji shi. "Tun da ya bar motar ba ga shi ta warke ba?"