Daren da na fasa tashar wuta

Wani mai kayan gwanjo ne ya sayar mini da ita a cikin kwalin taliya: PlayStation ta farko, ruwan toka, da hannu ɗaya, da wayoyinta, da wani gem mai faifai uku, Final Fantasy VII. Ya ce kayan daga Amurka aka kawo su. Da na tsaya na auna wannan maganar, da kuɗin gyara bai fita daga aljihuna ba. Ina isa gida na jona ta a soket, na ji "fat", sai ƙauri ya cika falo.

Mai gyara ya juya ta, ya ɗora yatsa a kan takardar da ke manne a ƙarƙashinta. "Yallaɓai, karanta nan." An rubuta 120V. Wutarmu kuwa 230 ce. Ya canja fis da kafasita ɗaya da ta kumbura, ya haɗa ni da ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta, wadda suke kira sitefdawun, ya ce mai wat 50 ta isa har da ragi. Sannan ya ƙara da cewa idan na ga hoton bidiyo yana sarƙewa, in kifar da na'urar. Na ɗauka zolaya ce. Ashe haka ake yi. A samfurin farko, idon da ke karanta faifai yana zirga-zirga ne a kan hanyar roba, kusa da inda zafin wuta yake; roba ta cinye, ido ya karkace, ya daina kallon faifai daidai. In ka kife ta, nauyinsa sai ya mayar da shi wurinsa. Don haka duk abin da zan faɗa daga nan, ku ɗauka cewa na'urar tana kwance ciki sama a kan littattafai biyu, kamar kunkurun da yara suka juya.

Shi wannan gem a 1997 ya fito, kuma abin da ya ja ni gare shi shi ne yadda aka dama ƙarfe da sihiri a ƙwarya ɗaya. Birnin da ake farawa, Midgar, yana da tashoshin wuta takwas na wani kamfani mai suna Shinra. Masu kuɗi suna zaune a sama kan faranti, talakawa a ƙasa ba sa ganin rana. Abin da tashoshin suke zuƙa daga ƙasa, Mako, ruhin duniyar ne kanta. Idan Mako ya daskare ya zama ƙwallo kamar dutsen ado, sunansa Materia, shi ake cusawa a ramin takobi ko na munduwa a yi sihiri. Wato ƙwan fitila da tsawar da kake jefa wa abokin gaba rijiya ɗaya suke sha. Jarumin, Cloud, yana ɗauke da takobin da ya kusa tsawonsa, abokinsa Barret kuma an dasa masa bindiga a madadin hannun dama. Aikinsu na farko su shiga tasha ta ɗaya su dasa bam.

Uwargida ta leƙo ta ga koren haske yana zagaye Cloud a talabijin, ta ce, "Malam, tsafi ka sayo mana da kuɗin cefane?" Na ce mata kimiyya ce. Ɗan yayata, mai shekara 11, wanda ya zo hutu, ya ce, "Kawu, rabi kimiyya, rabi tsafi." Shi ya fi ni gaskiya.

Matsala ta farko maɓalli ne. Duk wanda ya taso yana buga ƙwallo a shagon gem, babban yatsansa ya saba da cewa X shi ne "na yarda". A nan da'ira ce "na yarda", X kuma "fasa", shi ne kuma ake riƙewa a yi gudu. Na yi minti biyar ina danna X a gaban wani mutum ina jira ya yi mini magana.

A haka dai na lallaɓa har ƙuryar tashar. Kafin gadar ƙarshe akwai wani abu mai walƙiya da ke juyawa a ƙasa, wurin ajiye wasa ke nan. Na taka shi, na buɗe jerin zaɓi, aka ce babu katin ajiya. Mai gwanjo bai haɗa da shi ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce ai ba komai, wuta ta zauna tun la'asar.

Ana dasa bam sai ga wata jar kunamar ƙarfe, Guard Scorpion, mai rai 800, wato makin da sai ka ƙarar da su kafin ta faɗi. Hankalina ya ba ni cewa ƙarfe da ƙarfe ake sara, na hau ta da takobi da harsashi. Kuskure na farko ke nan. Cloud yana zuwa da Materia biyu tun daga farko, ta ƙanƙara da ta tsawa, kuma injina a wannan duniyar tsawa ce lagonsu: sihirin tsawa, Bolt, yana cin maki 4 kacal na ƙarfin sihiri, yana kuma yi mata ɓarna ninki biyu. Ban san haka ba a lokacin, ina ta sara kamar mai faskare.

Can sai ta ɗaga wutsiya sama. Rubutu ya fito a saman talabijin, na karanta da Turancina na sakandare: a kai hari lokacin da wutsiyarta take sama. Na ce madalla, ga dama ta samu. Na danna da ƙarfi. Rubutu na biyu ya biyo baya, amma ni na riga na tafi. Wani haske ya fito daga wutsiyar ya share mu duka biyun. Na sake sara, ta sake sharewa. Sau nawa ta maimaita ban ƙirga ba, na dai ga Cloud da Barret a kwance, kiɗa ya koma na makoki.

"Kawu, ba ka karanta na biyun ba," in ji yaron. "Cewa ya yi in ka taɓa ta wutsiya na sama, za ta rama da wuta." Maganar ɗaya ce aka raba ta gida biyu, ni kuma na ɗauki rabin farko na gudu da shi, kamar wanda ya ji "a ci" bai tsaya jin "in an sha ruwa" ba.

Tunda babu ajiya, sai daga tashar jirgin ƙasa, farkon farawa. A karo na biyu na san kada in taɓa ta, amma ta sake kama ni ta wata hanya. A wannan gem kowa yana da sandar lokaci da ke cika kafin ya samu damar motsi, kuma umarnin da ka riga ka bayar ba ya dawowa. Na ba Barret umarnin harbi, kafin ya ɗaga hannu ta ɗaga wutsiya, harsashi ya sauka, hasken ya dawo. Dabarar ita ce ka daina tara umarni: ka ba mutum ɗaya, ka ga abin da za ta yi, sannan ka ba na biyu. In wutsiya ta tashi, lokacin shan magani ne. Potion ɗaya yana mayar da rai 100. Ko ka danna dama a jerin umarni ka zaɓi kare kai, ka jira ta sauke. A karo na uku na bi wannan, Cloud yana jefa tsawa, Barret yana harbi, ta faɗi, har ta bar wa Barret sabuwar bindiga.

Sai agogo ya fito a kusurwa: minti 10 kafin bam ya tashi. Agogon nan ba ya tsayawa don kana faɗa da masu gadi a hanya. Na riƙe X, na hau tsani, na wuce wata yarinya da ke durƙushe a kan ƙarfe, na ce kowa tasa ta fishshe shi. Na isa ƙofa, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ashe yarinyar nan, Jessie, abokiyar aikinmu, ƙafarta ce ta maƙale, kuma ita ce ke da lambar buɗe ɗaya daga cikin ƙofofin. Na juya da gudu, na ciro ta, muka dawo, ta buɗe tata, wani abokin aikinmu, Biggs, ya buɗe tasa. Muka fita saura daƙiƙu kaɗan. Hoton bidiyo ya fara, tasha ta kumbura, wuta ta yi sama, ƙara ta cika falo.

A daidai wannan ƙarar aka ɗauke wuta.

Duhu ya rufe unguwa gaba ɗaya, fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Shiru na ɗan lokaci, sai muryar uwargida daga ɗaki: "To Malam, ka huta? Tun ɗazu nake ji kana cewa sai ka fasa tashar wuta." Yaron ya faɗi ƙasa yana dariya har da tari. Wutar ba ta dawo ba sai bayan kwana biyu, kuma a kwana biyun nan duk wanda ya shigo gidan ya yi ƙorafin zafi, sai ta nuna ni da baki.

Na koma kasuwa na nemo katin ajiya na hannu. Yana da gurbi 15, kowace ajiya ta wannan gem gurbi ɗaya take ci, amma wanda ya riga ni ya cike shi fal da kofunan ƙwallo. Ana share su ne ta hanyar kunna na'urar babu faifai a ciki, a shiga sashen katin, a goge. Na goge wa bawan Allah nasarorinsa ina neman gafararsa a zuci. Daga ranar, ko ina na ga abin nan mai walƙiya sai na taka shi, wani lokaci sau biyu.

Bayan makonni na fita daga Midgar, na isa wata fadama da wani maciji ke yawo a cikinta, Midgar Zolom, mai rai 4000. Inuwarsa kake gani tana bin ka, kuma a ƙafa ya fi ka sauri. Mutumin da ya kayar da injin yaƙi da tsawa, yanzu an ce ba shi da mafita sai ya hau kaza. Chocobo ake kiranta, rawaya, girman jimina. A gonar da ke kusa ake sayen Materia mai jawo ta a kan gil 2000 (gil shi ne kuɗin gem ɗin), sai ganyen da ke riƙe ta tana kiwo, iri-iri, daga na gil 100 har na 1500. Ka sa Materia a rami, ka yi ta yawo a kan sawun ƙafarta da ke zane a ƙasa. In kiɗan faɗa ya canja, tana cikin dodannin. Ka jefa mata ganye, ka kashe sauran kafin ta gama ci, kada ka kuskura ka taɓa ta. Ta farko na sare ta da takobi saboda kibiyar zaɓi tana kanta ban lura ba. Ta tsattsage mu ta gudu. Ta biyu na yi rowa da ganye, ta gama ci ta yi gaba.

Ta uku ta kamu. Na hau, kiɗa ya tashi, yaron yana tafi. Na nufi bakin fadama, na ga inuwar macijin ta juyo. Na ce bari in ƙara mata wuta, babban yatsana ya sauka a kan X, maɓallin gudu. A bayan Chocobo, X sauka yake nufi. Cloud ya diro a kan ciyawa, kazar ta kaɗa ƙeya ta ɓace a bayan tsauni, ganyena ya ƙare, aljihu saura gil 40.

"Kawu," in ji yaron, yana miƙo hannu a hankali, "ko in riƙe maka?"