Wane fim zan kalla? Sunan jarumi ba amsa ba ne

A kusan kowace unguwa ta Kaduna, daga Tudun Wada zuwa Rigasa da Kawo, akwai ɗan shagon da wani matashi ke zaune gaban kwamfuta, wayoyin jama'a jere a kan tebur kowace da igiyarta, yana tura musu fina-finai. Wanda ya tsaya ya kasa kunne zai lura cewa galibin masu zuwa ba da sunan fim suke zuwa ba. "Malam, sa mini mai zafi," in ji wani, wata kuma ta tambaya ko akwai sabuwar fassara, ko ci gaban wanda aka tura mata makon jiya. Mai shagon ba shi da laifi idan ya cika musu waya da abin da ya fi tafiya, domin sana'arsa ke nan, kuma YouTube ma haka yake yi: wanda ya kalli fim ɗin daba guda ɗaya, za a yi ta jero masa irinsa har datarsa ta ƙare. Da haka sai mutum ya shekara yana kallo dare da rana, amma bai taɓa leƙa wani nau'in fim ba bayan wanda ya saba da shi.

Abin da zai karya wannan, a ganina, shi ne shawarar da mai kallo ke ba ɗan uwansa mai kallo, amma fa sai idan an ba da ita yadda ya kamata. Yawancinmu idan aka tambaye mu wane fim ya dace a kalla, sunan jarumi muke kawowa, mu ce na Ali Nuhu ne, ko na Shah Rukh Khan, ko kuwa mu ce "yana da ma'ana" mu yi shiru. Wannan ba shawara ba ce, domin jarumin da ya yi fim mai kyau ya yi marasa kyau da yawa, kuma kowane furodusa yana da'awar cewa nasa na faɗakarwa ne. Shawara ta gaskiya ita ce wadda ta fara da sanin abin da mutum yake so tun asali, sannan ta matsa da shi taki ɗaya zuwa wani fim na wata ƙasa ko wani nau'i da ke ɗauke da irin abin da ya ja hankalinsa, tare da faɗa masa dalili.

Wani zai ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, a bar mai son faɗa da faɗansa, mai son soyayya da soyayyarsa. Ban musa ba, kuma babu wanda za a tilasta wa kallo. Sai dai wannan ƙuncin zaɓi baƙo ne a garin nan. Iyayenmu da suka tashi a Kaduna sun kalli Samanja, wato marigayi Usman Baba Pategi, yana cakuɗa Hausa da Turancin bariki a talabijin, sun kalli marigayi Kasimu Yero a Karambana da Magana Jari Ce, sannan da dare su tafi silima su ga Sholay na 1975 yau, gobe Bruce Lee, jibi kaboyi. Ba su karanci harkar fim a makaranta ba, amma idonsu ya ga abubuwa iri-iri, shi ya sa har yau dattijo zai iya gaya maka abin da ya sa Gabbar Singh na Sholay ya fi ƙarfin sauran bosawa. Abin kunya ne a ce yanzu da fina-finan duniya suka shigo aljihun kowa, mu ne muka fi su ƙarancin sani.

Ga misalin abin da nake nufi da taki ɗaya. Mai bibiyar fina-finai masu dogon zango irin su Daɗin Kowa ko Labarina, abin da ke riƙe shi shi ne rayuwar gida: talauci, zumunci, sirrin da ake ɓoye wa iyaye. Irin wannan mutum fim ɗin da zan fara nuna masa shi ne Children of Heaven, wanda daraktan ƙasar Iran Majid Majidi ya fitar a 1997. Labarin ba shi da yawa. Wani yaro mai suna Ali ya kai takalman ƙanwarsa Zahra wurin mai gyara, a hanyar dawowa suka ɓace, kuma ya san mahaifinsu ba shi da kuɗin sayen wasu. Sai suka shirya su riƙa amfani da takalmansa su biyu: ita ta sa da safe ta tafi makaranta, ta sheƙo a guje bayan an tashi, ya karɓa a lungu ya ruga tasa makarantar da rana. Akwai wurin da suke zaune suna aikin gida a gaban iyayensu, ba damar magana, sai suka koma rubuta wa juna saƙo a littafi suna turawa a hankali, ita tana zargi, shi yana lallashi. Babu waƙa a fim ɗin, babu rawa, babu bos, amma duk wanda ya taɓa aron rigar wansa ranar sallah zai ji abin ya taɓa shi. Ba zan faɗi yadda tseren da Ali ya shiga a ƙarshe ya kaya ba, domin yana cikin ladabin ba da shawara kada a ƙona wa mutum labari, ladabin da masu sharhi a Facebook suka daɗe da watsarwa.

Masu son yaƙi da tarihi sun fi sauƙin sha'ani, tunda da yawansu sun riga sun san Lion of the Desert na Moustapha Akkad, inda Anthony Quinn ya fito a matsayin Umar Mukhtar, malamin allon da ya yaƙi Italiya a Libiya kusan shekara ashirin kafin a rataye shi a 1931. Daga nan takin da ya dace shi ne The Battle of Algiers na 1966, fim ne baƙi da fari kan gwagwarmayar Aljeriya da Faransa, wanda akasarin 'yan wasansa ba ƙwararru ba ne, kuma aka ɗauke shi kamar rahoton labarai. Bambancinsa da na Akkad shi ne bai bar mai kallo ya huta a bayan gwarzo ɗaya ba: ya nuna azabar da sojojin Faransa ke gana wa fursunoni, ya kuma nuna fuskokin fararen hula a gidan shan shayi daƙiƙu kaɗan kafin bam ɗin 'yan gwagwarmaya ya tashi da su. Mutum zai gama kallonsa yana tare da Aljeriyawa, amma ba zai ƙara ɗaukar yaƙi abin tafi ba.

A ɓangaren barkwanci kuwa, wanda ya yi kewar marigayi Rabilu Musa Ibro tun rasuwarsa a 2014 ya nemi Mandabi, na Ousmane Sembene ɗan ƙasar Senegal, wanda ya fito a 1968 cikin harshen Wolof. Wani magidanci ne a Dakar, mai mata biyu da tarin 'ya'ya, ɗan uwansa ya aiko masa da takardar kuɗi ta gidan waya daga Paris. Kafin ya karɓi ko sisi labari ya bazu a unguwa, masu neman rance sun cika masa gida, matansa sun ci bashin shinkafa a kan kuɗin da ba su gani ba. A gidan waya aka ce sai da katin shaida, wurin katin aka ce sai da takardar haihuwa da hoto, kowace ƙofa kuma da mai jiran na goro. Duk wanda ya taɓa bin layin katin ɗan ƙasa zai yi dariya, daga baya dariyar ta tsaya masa a wuya. Na fifita shi a kan yawancin fina-finan camama ba domin na waje ne ba, sai domin abin dariyar yana cikin halin da mutumin ya shiga, ba a cikin ihu da ɓata fuska ba.

Masoya Indiya ba su da ƙarancin kaya, matsalarsu ita ce fassara ta fi karkata ga fina-finan duka da tashin motoci. Malaman makaranta da iyaye su nemi Taare Zameen Par na 2007, labarin yaron da haruffa ke rikice masa, ake masa kallon daƙiƙi, har wani malami ya gano cewa lalura ce ba lalaci ba. Mai haƙurin zama kusan awa huɗu kuma ya kalli Lagaan na 2001, inda ƙauyawa suka kara da jami'an mulkin mallaka na Ingila a wasan kurket a kan haraji. Ba sai mutum ya san dokokin wasan ba, su ma ƙauyawan a cikin fim ɗin suka koya. Fina-finan ban tsoro ba na ba da shawararsu, domin yawancinsu ƙara ce da jini, kuma aljanun Turawa ba su cika firgita wanda ya tashi da tatsuniyar dodo ba.

Nau'in da na fi ganin an yi wa rowa a nan shi ne na bincike da shari'a. October 1 na Kunle Afolayan, wanda ya fito a 2014, ya ba marigayi Sadiq Daba rawar Sufeto Danladi Waziri, ɗan sandan Arewa da aka tura wani gari a Jihar Yamma ya gano mai kashe 'yan mata kafin ranar samun 'yancin kai a 1960. Daga shi sai 12 Angry Men na 1957, wanda kusan gaba ɗayansa a ɗaki ɗaya aka yi shi: mutum goma sha biyu masu taya alƙali yanke hukunci za su tantance ko wani saurayi ya kashe mahaifinsa, sha ɗaya sun ce ya aikata, ɗaya ya ce a dakata a sake duba hujjojin. Wannan na biyun ina fata marubutan Kannywood su zauna su nazarce shi, musamman masu kukan cewa rashin kuɗi ne ya hana su yin fim mai kyau, domin tebur ne da kujeru da magana mai tsari suka riƙe mai kallo awa ɗaya da rabi.

Akwai wata hujja da ta fi ta farko nauyi, ita ce ta tarbiyya, kuma ba na ɗaukarta da wasa. A gidajenmu waya ɗaya kan zaga hannu biyar, talabijin kuma a falo take. Saboda haka wanda ya ba da shawarar fim bai faɗi da wa za a iya kallonsa ba, ya ci amana. Parasite na Koriya ta Kudu, wanda a 2020 ya zama fim na farko da ba na Turanci ba da ya ci babbar kyautar Oscar, ƙwararren aiki ne kan tazarar mai kuɗi da talaka, amma akwai wurin da ba a kallonsa da yara ko surukai, kuma ƙarshensa da zubar jini. October 1 ma ya taɓo fyaɗe da lalata yara. Faɗin haka ba ya rage wa fim daraja, yana dai kare mutuncin wanda ya amince da maganarka.

Haka kuma akwai fim ɗin da ya dace da kowa ta fuskar tarbiyya amma bai dace da halin da mutum yake ciki ba. The Milkmaid na 2020, wanda aka ɗauka a Jihar Taraba, akasarinsa da Hausa, kuma Maryam Booth ta samu kyautar fina-finan Afirka ta AMAA da shi, labari ne na 'yan uwa mata biyu Fulani da 'yan tayar da ƙayar baya suka sace. Timbuktu na Abderrahmane Sissako, na 2014, yana da wani wuri da ba a mantawa, inda samari ke buga ƙwallo babu ƙwallon, suna gudu suna murnar cin raga, saboda masu bindiga sun haramta wasan. Duka biyun sun cancanci kallo. Amma a jihar da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari a ranar 28 ga Maris, 2022, kuma gidaje da yawa daga Birnin Gwari zuwa Kajuru suka san abin da ake nufi da jiran kiran masu garkuwa, ba kowa ake miƙa wa irin waɗannan ba tare da gargaɗi ba. Na'ura ba ta san wanda aka sace wa ɗa ba, aboki ne ya sani.

Saura maganar harshe, wadda ita ce ta fi hana mutane matsawa. Ba kowa ke iya bin rubutun Turanci a ƙasan allo ba, kuma masu fassara irin su Algaita sun tabbatar da cewa Bahaushe zai kalli fim ɗin kowace ƙasa muddin an juya masa shi. To amma mai fassara abin da ake nema yake fassarawa. Idan masu kallo suka yawaita tambayar irin fina-finan da na ambata, kasuwa za ta bi su, kuma ya kamata a bi ta hanyar neman izinin masu haƙƙi, domin masana'antar da satar fasaha ta durƙusar ba ta da bakin cin haƙƙin wasu.

Inda shawara ke cijewa gaba ɗaya shi ne kan namu na gida. Ina iya gaya wa matashi ya kalli Mai Martaba, wanda Adam A. Zango ya fito a ciki kuma Najeriya ta miƙa shi gasar Oscar a 2024, amma idan na ce ya nemi Turmin Danya na 1990, wanda da shi ake fara lissafin fina-finan bidiyo na Hausa, ko Sangaya, ko Wasila da aka yi tashensa a farkon shekarun 2000, da wuya ya samu kwafi mai kyau. In ma ya samu, hoto ne dishi-dishi da aka kwafo daga tsohon kaset. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano faifansa a wani tsohon gini na hukumar fina-finai a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ya kamata furodusoshin da ke da tsofaffin kaset a kwali, da tashoshin da suka ɗauki wasannin Samanja da Kasimu Yero, su mayar da su kan kwamfuta tun kafin laima da ƙura su gama da su, sannan gwamnatin jiha ko wata jami'a ta ware wurin da ɗalibi zai je ya zauna ya kalla.