Tafkunan kanwa na Damagaram daga gefe suke mutuwa

Wanda ya bi hanyar Gure daga Zinder cikin hunturu ya san tafkin Gidimuni, ruwa kwance tsakanin tudun yashi, ga dabino da garake kewaye. A 2019 aka sa shi cikin jerin dausayin yarjejeniyar Ramsar, wato yarjejeniyar duniya ta kare dausayi, bayan tafkin Lassuri da ya shiga tun 2005. Abin alfahari ne. Sai dai takarda ba ta tare yashi, ba ta yanke kacalla, doguwar ciyawar nan mai cinye tafki. Abin da tsuntsu ke nema a irin waɗannan wurare shi ne gefen ruwa, inda taɓo yake, kuma nan ne muke fara cinyewa.

Yawancin kwaruruwan gabashin jihar Damagaram ba su da mafita. Ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa su taru, rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirinsa. Ruwan da ke sauka a Zinder a shekara bai cika kai rabin mita ba, alhali rana da iska na iya shanye fiye da mita 2 daga buɗaɗɗen tafki. Shi ya sa bakin ruwa ke yin fari fat da bazara. Kanwar nan ba cuta ba ce, da ita aka halicci wurin. Ruwa mai ɗan kanwa yana haifar da ƙananan tsutsotsi da ƙwari cikin laka, su ne abincin tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke ƙetaro hamada daga Turai wajen watan Oktoba su koma a Maris. Ruwan da bai wuce idon sawu ba suke kiwo. Kirinjijiya da dinya na son ɗan zurfi da ciyawa, zalɓe na tsaye inda kifi yake. Gauraka kuwa sai a daɗe ba a ji kukansa ba.

Matsala ta farko injin ban ruwa. Manomin rani ba maƙiyin tafki ba ne, albasa da rake ke ciyar da iyalinsa. Amma idan injuna suka yi yawa a kwari ɗaya, ruwan ƙasa ya sauka, tafki ya janye da wuri, lakar ta bushe ta tsage tun tsuntsaye ba su tara ƙibar komawa ba. Manomin ma yana ji a jikinsa: ruwan ƙarshen rani ya fi kanwa, in ya yi ta zuba wa fangali sai ƙasa ta yi ɓawon fari, shuka ta ƙone daga bakin ganye. Maganin bai kai kuɗin inji ɗaya ba. A kafa sanda cikin ruwa, a yi mata zane kowane santimita 10, a riƙa rubuta awo duk mako. Masu garake da masunta da makiyaya su zauna gaban hakimi da magajin gari su tsai da zanen da in ruwa ya kai shi, a koma ban ruwan safe da yamma kawai. A kuma bar ɗamarar ƙasa tsakanin garka da ruwa wadda ba a nomawa, tare da mashayar dabbobi sananniya, don kada kofato ya tattake ko'ina.

Kacalla ita ce ta fi ba da haushi, domin an fi ɓata ƙarfi a kanta. Ana cinna mata wuta da rani, a ga fili ya buɗe, bayan ƴan makonni ta tsiro ta fi da kauri, saboda saiwarta na kwance cikin laka, wuta ba ta kai gare ta. Ganyen ne ke kai wa saiwa iska. Don haka a yanke ta ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya daga sama, kafin ta fitar da kai, kututturen ya nutse ya ruɓe. A maimaita sau biyu ko uku a shekara, a kwashe abin da aka yanka zuwa tudu a yi asabari ko rufi. In aka bar shi cikin ruwa, shi ma cike tafkin yake. Kada a share ta duka, wasu tsuntsaye ciki suke sheƙa.

Yashi kuwa daga gabas iskar hunturu ke turo shi. Shinge na kaba ko ƙirare, tsayin kamar mita 1, a gicciye wa iska, kuma kada a toshe shi ruf: shingen da iska ba ta ratsa shi, ita ke tone gindinsa ta kayar. A dasa itatuwa da damina a tsakani, a hana kiwo shekara uku.

Tsakiyar Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya. Jami'an gandun daji su riƙa tafiya da ƴan makaranta da masuntan garin, a bar kwafin lissafin a hannun magajin gari kusa da littafin awon sanda.